Baƙin Kakin Kofur

Asabar, da hantsi

Jiya Juma'a, ranar da ta saba kira, Kofur ba ta kira ba.

Ba wani abu ba ne. Haka na faɗa wa uwarta, kuma ga shi na rubuta don in ga ya zauna a takarda. Inda aka kai su ba kullum ake samun layi ba, ita da bakinta ta sha faɗa mana. Amma Maman Kofur ta tashi da waya a hannu, ta zuba mini gishiri a shayi maimakon sukari. Na shanye abina.

Wannan littafin na haɗin fenti ne, ba na surutu ba. Na ƙarar da ƙuruciyata ina rubuta allunan shaguna da jikin motoci. Da gwiwa ta ƙi hawa tsani sai na koma yi wa 'yan sojojin roba fenti, irin waɗanda tsayinsu bai wuce ɗan yatsa ba. Mutane na dariya, wai tsoho da 'yartsana. Su yi ta yi. Kofur ce kaɗai ba ta taɓa yi mini dariya ba. Ita ce 'yarmu, ita kaɗai Allah ya ba mu. Tun tana rarrafe take ba mu oda a gidan nan, shi ya sa na laƙaba mata Kofur. Yanzu soja ce ta gaske, direba a rundunar masu baƙin kaki, har ta wuce kofur ta zama saje, amma a gidan nan na hana ta ƙarin girma.

Zuwanta na ƙarshe ta kawo mini kwalin 'yan sojoji, ta ce in yi musu kakin rundunarsu. Rabon aikinmu tsoho ne: tufafi nawa, fuskoki nata. Idona ya daina ganin ƙwayar idon da ba ta kai ƙwayar yashi ba, ita kuwa hannunta ba ya rawa. Ta ce in gama kaki kafin ta dawo hutu, ta zo ta sa musu fuska.

Na wanke su da sabulu, na manna kowanne a kan murfin kwalba don in ji daɗin riƙewa, na yi musu shafen farko, toka-toka. Suna jere a bakin taga suna bushewa.

Lahadi, bayan azahar

Bari in rubuta wannan saboda wanda zai gaji littafin nan. Duk wanda ya buɗe kwalbar baƙi ya shafa wa ɗan soja kai tsaye, ba mai fenti ba ne, mai goge takalmi ne. Baƙi zalla a jikin ƙaramin abu rami ne. Aljihu ya ɓace, ninkin riga ya ɓace, bel ya ɓace, ka duba ka ga ba mutum, sai inuwarsa.

Abin da ake yi, ka haɗa baƙi da ɗigon shuɗi da ɗan toka-toka, ka shafe jiki duka. Baƙi zalla ka bar shi don hammata da ƙarƙashin murfin aljihu, inda haske ba ya kaiwa. Sannan ka riƙa ƙara fari kaɗan-kaɗan kana bin kafaɗa da gwiwa da saman kowane ninki. Kuma da rana ake yi, a bakin taga. Fitila maƙaryaciya ce.

A kan shuɗin nan muka yi ta musu da Kofur ana gobe za ta koma.

Ta ce, "Baba, wannan shuɗin naka na 'yan fareti ne. Namu in rana ta dafa shi ja-ja yake komawa, kamar tsatsa."

Na ce, "Ni za ki koya wa launi? Tun uwarki ba ta san ni ba nake haɗa fenti."

"To shi kenan. Zan kawo maka tsohuwar rigata, gani ya kori ji."

"Ki kawo goma."

Ai kullum da sabon kaki take zuwa gida, don kada uwarta ta ga alamar wahala. To ni abin da idona ya gani zan yi.

'Yan sojojin kwalin duk maza ne. Ta ɗauki ɗaya ta kankare masa kafaɗu da reza, ta manna masa ɗan ƙullin gashi a ƙeya, ta ce, "Wannan ni ce. Ka bar ni sai ƙarshe, in ka ƙware a kan mazan." Ji rashin kunya. Tana can ƙarshen layi, toka-toka.

Talata, da yamma

Tela ya shigo ko sallama bai ƙarasa ba. Maƙwabcinmu ne, ɗansa rundunarsu ɗaya da Kofur, mota ɗaya ta kwashe su. Tef ɗin awo na rataye a wuyansa, ya manta bai cire ba.

Ya ce, "Mai fenti, ka ji abin da aka faɗa a rediyo?"

Na ce ban ji ba.

"Wai a hanyar nan da suke bi, kusa da gada…"

Na ce, "Zo ka ga gwiwar wannan. Ka ga yadda hasken ya zauna?"

Ya dube ni kamar na zare. Ya juya ya fita. Na ji suna magana da Maman Kofur a tsakar gida ƙasa-ƙasa, sai na rufe ƙofa. Rediyo fa ba abin da ba ta faɗa. Hanyoyi nawa ne a duniya? Gadoji nawa?

Na gama wandunan mutum uku. Na ukun ya yi haske da yawa, sai na sake.

Laraba, da safe

Matar nan ta cikin waya ta ce lambar ba ta shiga. Na haddace muryarta, kuma na tsane ta.

Alhamis, bayan la'asar

Mun je bariki ni da Tela. Aka zaunar da mu a kan wani dogon benci a baranda, mu da wasu iyaye. Ba mai kallon wani. Wata tsohuwa ta zo da abinci a kwano, a ɗaure da ɗankwali, ban san wa ta kawo wa ba. Ta ɗora shi a cinya har muka tashi.

Akawun ofishin yaro ne mai ladabi, irin ladabin da ke sa ka ji kamar ka kwaɗa wa mutum mari. Ya ce, "Baba, ana tattara bayani. Da zarar an tabbatar za a sanar da ku."

Tela ya ce, "A tabbatar da me?"

"Da bayanin, Baba."

Ni kuwa rigarsa nake kallo. Hasken taga ya sauko masa a kafaɗa, wallahi shuɗi-shuɗi, daidai da haɗina. Mai gadin ƙofa ma haka. Har na ji wani daɗi ya taso mini, na ce a raina, to Kofur, wa ya yi gaskiya? Na laluba aljihu zan ciro waya in gaya mata.

A hanyar dawowa Tela ya yi ta magana, ni ban san me ya ce ba.

Juma'a, da magariba

Ba ta kira ba.

Maman Kofur ta wuni a kujerar da ke kusa da soket, waya na caji ko da ta cika. Ni ina ɗakin aiki. Wajen la'asar ta banko ƙofa. Da ma ba ta shiga ɗakin nan, takan ce warin fenti na sa mata ciwon kai.

Ta ce, "Malam, wai kai wace irin zuciya gare ka? Yarinyar nan shiru, kai kana nan kana yi wa roba kwalliya!"

Na ce, "To me kike so in yi? In fita titi in yi ta ihu?"

"Ka yi mana! Ko ihun ka yi in san akwai mutum a gidan nan."

Na ce Kofur ta ba ni aiki, kuma za ta zo ta tambaya. Ban ɗago ba, don in na ɗago ban san abin da fuskata za ta yi ba.

Sai idonta ya faɗa kan ta ƙarshen layi. Ta ga ƙullin gashin. Ta daɗe tana kallo, sannan ta nuna ni da yatsa.

"Wannan kada ka kuskura ka sa mata baƙi. Ka ji ni? Sai ta dawo."

Na ce camfi ne wannan, kaki ne ba wani abu ba.

"Na ji camfi ne. Kada ka sa mata."

Na ce to.

Asabar, da rana tsaka

Ban san abin da ya hau kaina ba. Na zauna zan haɗa fenti, na ga haɗawar ma wahala ce. Na tsoma buroshi a kwalbar baƙi na bi su ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda na riga na gama. Ni da na rubuta maganar mai goge takalmi a shafin baya.

Da na ja baya na duba sai gabana ya faɗi. Ba mutane a bakin tagar. Ramuka ne a tsaye, kowanne da kai toka-toka ba fuska. Ita kaɗai ce a ƙarshe ake gani.

Tsoro nake ji. Ga shi na rubuta. Tsoro nake ji tun ranar Talata, kuma ba ya tafiya ko ina cin abinci.

Litinin, da hantsi

Na jiƙa su, na bi su da tsohon buroshin haƙori na kankare baƙin. Ya maƙale a cikin aljihu, sai da tsinke. An koma gidan jiya. Bakin farcena duk ya yi baƙi, Maman Kofur ta gani, ta ajiye mini sabulu a bakin famfo.

Laraba, bayan azahar

An kira Tela. Ɗansa na asibitin sojoji, da ransa, ƙafa ce kawai.

Matar Tela ta yi guɗa har aka ji a ƙarshen layi. Tela ya shigo da gudu ya rungume ni yana kuka, yana cewa, "Mai fenti, in an ga ɗaya za a ga sauran! Za a gan ta!" Na ce alhamdu lillahi, na ce barka, na faɗi duk abin da ake faɗa. Yaron nan a gabana ya girma, ni na rubuta masa sunansa a jikin akwatin makaranta.

Amma na ji ƙyashi. Allah ya yafe mini, ƙyashi na ji, har ya yi mini ɗaci a baki. Me ya sa nasu ne?

Maman Kofur ta je ta yi musu barka. Ta dawo ta shiga banɗaki ta sakar wa famfo ruwa, ta daɗe.

Alhamis, da yamma

Na bi Tela asibiti. Ɗakin dogo ne, gadaje a jere, fanka ɗaya ce ke aiki. Ɗan Tela ya rame, an rataye ƙafarsa. Yana ta hira da ubansa, har da dariya. Da ya hango ni a bayan uban sai dariyar ta ɗauke.

"Ina wuni, Baba."

"Lafiya lau. Ya jiki?"

"Da sauƙi, Baba."

Shi kenan. Yana kallon bargo, ni ina kallon robar ƙarin ruwa. Tela ya ce zai je neman nas, alhali ga nas a tsaye kusa da mu.

Tambaya ɗaya na zo da ita tun daga gida, na yi ta juya ta a cikin mota. Na buɗe baki, sai na ji ina tambayarsa ko ana ba su abinci mai kyau.

Ya ce ana ba su. Can ya ce, "Baba, akwai saƙonka a jakata. Saje ce ta ba ni tun kafin mu tashi, don ni ne zan riga ta samun hutu. Jakar ba ta iso ba tukuna."

Na ce ba komai, ba sauri.

Ya ce, "Ita ce ke tuƙa motar gaba." Sai ya juya fuskarsa bango.

Ban tambaye shi komai ba bayan wannan. Ba a matsa wa marar lafiya.

Maman Kofur na tsaye a bakin ƙofa na dawo. Ta ce, "Me ya ce?" Na ce ya ce yana gaishe ki. Shekara nawa muna tare, ta san ƙaryata kamar yadda ta san tarina. Ta matsa na wuce.

Juma'a, bayan la'asar

Waya ta yi ƙara, baƙuwar lamba. Maman Kofur ta yar da kofi, ni na taka buroshi na karya. Wani ne wai yana son a rubuta masa allon shagon aski. Na wanke shi tas, bawan Allah bai san hawa ba bai san sauka ba. In na samu natsuwa zan kira in ba shi haƙuri.

Asabar

Ba komai.

Lahadi, da hantsi

Na dawo daga sayen sabon buroshi na tarar da ƙofar ɗakin aiki a buɗe. Maman Kofur na zaune a kan kujerata, ta sa gilashin ƙara girma a ido, a karkace. Ta ɗauko ta ƙarshen layi ta ɗora a tafin hannu, tana mata magana.

"Kin ga yadda kika bar gashin nan? Ko a roba ba kya gyara kai. Taurin kai kamar ubanki."

Na yi gyaran murya. Ba ta firgita ba. Ta ce, "Ƙura na hawanta, Malam. Ka bar taga a buɗe." Ta ciro hankicinta ta lulluɓe ta, ta mayar da ita wurinta. Sai ta tsaya, ta dubi farin hankicin a kan ɗan jikin nan, ta yi wuf ta yaye shi. Ta kifa mata kofin gilashi maimakonsa.



Ta ce in nuna mata yadda ake yi. Na nuna mata: baƙi, ɗigon shuɗi, toka-toka. Ta ce, "Au, ashe baƙin ma ba baƙi kake sawa ba. Shi ya sa kuke ta faɗa da ita?" Na ce ba faɗa ba ne, koyarwa ce, yarinyar ce ba ta ɗaukar karatu. Ta yi 'yar dariya, ta farko tun ran nan. Mun ci abinci a kwano ɗaya, a nan cikin warin fentin, kuma ba ta yi maganar ciwon kai ba.

Talata, da yamma

Mazan sun kammala. Ba yabon kai ba, ban taɓa yin baƙi mai kyau haka ba. Kowane ninki ya fito, bel ya rabu da riga, takalmi na ɗan sheƙi, riga ba ta sheƙi. In ka tsaya a bakin ƙofa sai ka rantse za su taka.

Fuskoki dai toka-toka. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, waɗannan ba su da wadda za a tambaya.

Yanzu ba ni da abin yi. Na wanke buroshi, na sake wankewa. Na jera kwalabe daga mai duhu zuwa mai haske. Saura ita kaɗai a ƙarƙashin kofi, kuma an hana ni.

Kofur, na gama nawa. Ke ake jira.

Laraba, da hantsi

Sun zo. Sojoji biyu, kaki a goge, hula a hannu.

Lahadi, bayan azahar

Gida cike da masu ta'aziyya. Takalma a bakin ƙofa har sun hau kan juna, an aro tabarmi da kujeru daga gidan Tela. Kowa ya zo ya ce haƙuri, in ce na gode. Bakina ya koyi faɗa ba sai na sa shi ba.

Wani ya ce jaruma ce. Wani ya ce dama aikin nan ba na mata ba ne, ya faɗa a hankali amma na ji. Da a da ne da sai an riƙe ni. Na dube shi kawai, na ga rigarsa ruwan toka ce, ɗinkin aljihun a karkace.

Yayar Maman Kofur ta leƙa ɗakin aiki tana neman inda za a ajiye kwanuka. Na jiyo ta tana salati. "Me zan gani haka? Ku kwashe waɗannan abubuwa marasa fuska ku zubar, ai su ne ke jawo wa gida…"

Ban san Maman Kofur na da sauran murya ba. Ta ce, "Yaya, fito. Ba mai taɓa su. Aikinsu ne shi da 'yarsa." Ta ja ƙofar ta kulle, ta kawo mini makullin har inda nake zaune cikin maza, ta sa mini a hannu ta koma.

Talata

Mutane sun ragu. An mayar da kujeru.

Na kira mai shagon askin na ba shi haƙuri. Ya ce ba komai, ya ce ko zan yi masa allon. Na ce na daina.

Alhamis, bayan la'asar

Ɗan Tela ya zo a kan sanduna, ubansa na riƙe masa leda. An sallame shi, jakarsa ta iso. Ya ƙi zama a kujera, sai da na daka masa tsawa.

Ya miƙo ledar da hannu biyu. Ya ce, "Baba, ta ce in ba ka hannu da hannu. Ta ce kada in bari Mama ta wanke, kuma kada ka duba a fitila, ka kai taga." Sannan ya ƙara da cewa, "Ta ce in ce maka… Baba, ka yi haƙuri, haka ta ce in faɗa. Wai ka duba kafaɗa, sannan ka kira ta ka ba ta haƙuri."

Tela ya sunkuyar da kai. Ni kuwa dariya ta kufce mini, wata irin dariya da ban san ta ba, har Maman Kofur ta fito da gudu. Na ce, "Kin ji 'yarki? Oda ce ta aiko."

Rana ta riga ta yi ƙasa, hasken ya lalace. Ban buɗe ledar ba. Maman Kofur ta karɓa ta rungume, ta shiga ɗaki da ita.

Juma'a, da hantsi

Mun kai ta taga, ni da uwarta, kowa ya riƙe hannu ɗaya na rigar.

Tsohuwar riga ce, wuyan ya sule, maɓalli ɗaya ba irin sauran ba, an ɗinke shi da zare kore. Ɗinkin Kofur ne, ba ta taɓa iya riƙe allura ba. Akwai warin man mota da sabulun da ba namu ba.

Kafaɗun ja-ja ne. Ba ma kafaɗu kaɗai ba, har bayan wuya, da saman hannun da take jinginawa a tagar mota, can ya fi ko'ina koɗewa. Kamar tsatsa, yadda ta faɗa. Na ɗaga murfin aljihu, a ƙarƙashinsa baƙin na nan sabo, shuɗi-shuɗi, irin nawa, inda rana ba ta taɓa gani ba. Haka take zuwa mana gida. Ni ban taɓa tambayar ta irin ranar da ke dukan ta a can ba.

Maman Kofur ta shafa kafaɗar ta ce, "Duk wannan a jikinta ya koɗe."

Ta saki rigar, ta je ta ɗage kofin gilashin, ta ɗauko ta ta ajiye a gabana.

"Sa mata, Malam. Irin nata."

Haɗin, saboda wanda zai gaji littafin nan: baƙi, ruwan ƙasa, ɗigon ja. Shuɗi a ƙarƙashin murfin aljihu kawai. A ƙara hasken a hannun da ke wajen taga.

Na rataye rigar a ƙusa kusa da ni ina kallo ina yi. Maman Kofur ta riƙe mini murfin kwalbar har na gama. Da ta bushe na mayar da ita layi. Mazan duk sun koma 'yan fareti kusa da ita. Ita kaɗai ce ka gani ka san ta je wani wuri.

Na ce, "Kin yi gaskiya, Kofur. Ki yi haƙuri." A fili na faɗa, tunda oda ce.

Maman Kofur ta goge ido da bakin mayafi, ta miƙo mini ɗan siririn buroshin da Kofur ke yin fuska da shi, da ke cikin wani kofi shi kaɗai, wanda ba na taɓawa. Ta ce, "Saura fuskar."

Na karɓa, na mayar da shi cikin kofin.

Na ce, "Tufafi ne nawa."